Yadda ake gano matsalar sensar zafi a oben ɗin lantarki na gida kafin a sayi komai

Idan oben ya yi ƙara ya kashe kansa, ya fito da harafi da lamba a fuskarsa, abin da na fi gani a gidajen 'yan'uwanmu na Makka da Jidda shi ne a garzaya kanti a sayo sabuwar sensa, wato ɗan ƙarfen da ke auna zafin cikin oben, a ɗaura, lambar kuma ta dawo. Dalilin shi ne lambar ba ta ce sensa ta mutu ba. Abin da take faɗa kawai, ƙwaƙwalwar oben ɗin, wato allon lantarkin da ke sarrafa shi, ba ta samun awon zafi mai ma'ana. Laifin na iya zama na sensar, ko na wayar da ta taso daga gare ta, ko na ƙwaƙwalwar kanta. Mitar gwaji ce za ta raba gardama, kuma aiki ne da mai hankali zai iya yi a gida cikin awa guda.

Wannan bayani na oben mai fuska ne, wanda ke nuna lambobi. Mai maɓallin murɗawa zalla yawanci ba shi da irin wannan sensa, wani siririn bututun jan ƙarfe ne ke kula da zafinsa, gyaransa daban ne. Idan kuma naka haɗe yake da maikirowef a jiki ɗaya, kada ka buɗe bayansa ko kaɗan. A cikinsa akwai abin da ke riƙe wuta mai kisa ko bayan an cire shi daga soket. Wannan sai mai sana'ar.

Kayan aiki

Mitar gwaji, wato maltimita, mai awon om, wato ma'aunin yadda abu ke tare wa wuta hanya. Ko mai araha ta wadatar, muddin batirinta na da ƙarfi. Mita mai raunin batir tana ƙarya, kuma a wannan aiki ƙaryar om 50 ta isa ta sa ka yar da sensa mai lafiya.

Sukundireba mai baki huɗu da mai baki ɗaya. Wasu oben na Turai sukurorinsu masu bakin tauraro ne, na Amurka kuma sau da yawa masu kan noti ne, sai ƙaramin soket sifana. Leƙa ka gani tun kafin ka fara.

Testa, filaya mai dogon baki, tocila, safar hannu mai kauri saboda gefen ƙarfen baya yana da kaifi, zare mai ƙarfi kamar kamu biyu, da ƙaramin kofi na zuba sukurori. Wayarka ma kayan aiki ce, don ɗaukar hoto kafin ka cire kowace waya. Idan da hali, ka nemi ma'aunin zafi na cikin oben, irin wanda ake ratayawa a jikin raga. Ana samunsa a kantunan kayan kicin.

1. Rubuta lambar, sannan ka duba garanti

Ɗauki hoton lambar yadda ta fito. Kowane kamfani da nasa tsarin. A yawancin oben na GE, F3 na nufin layin sensa ya yanke, F4 kuma ya haɗe. A Frigidaire F30 da F31 ne. A Whirlpool lambar kan fara da F3 sai E da wata lamba ta biyo. Kada ka ɗauki fassarar wani kamfani ka ɗora wa naka, duba littafin da ya zo da shi. In littafin ya ɓace, buɗe ƙofar ka duba gefen bakin oben ɗin, akwai takarda manne mai lambar samfuri. Da ita za ka nemo littafin a intanet, da ita kuma za ka sayi kayan gyara.

Kafin ka taɓa sukuru ko ɗaya, nemo rasit. A Saudiyya garantin kayan lantarki ba ya gaza shekara 2. In oben bai kai haka ba, kira wakilin kamfanin, domin da zarar ka buɗe shi da kanka ka ba su hujjar zamewa.

2. Kashe shi gaba ɗaya, ka sake kunnawa

Sauke bireka, ka bar shi minti 5 zuwa 10, ka mayar. Wani lokaci wuta ce ta yi rawa ƙwaƙwalwa ta rikice, shi ke nan an wuce wurin. Amma ka lura da lokacin da lambar ta dawo, don wannan kaɗai rabin bincike ne. In ta dawo nan take oben na sanyi, layin ya yanke ko ya haɗe ɗungurungum, kuma mita za ta nuna maka shi ba wahala. In sai ya yi minti 15 ko 20 yana zafi sannan ta fito, to akwai wata waya ko mahaɗa da ke saki idan ƙarfe ya buɗe da zafi. Irin wannan ya fi ba da wuya, zan dawo kansa.

3. Yanke wuta yadda ya kamata

Nan nake so a tsaya a natsu. Tsofaffin gidaje da yawa a Makka, Madina da Jidda har yanzu suna kan tsarin bolt 127 da 220. A shekarar 2010 ne gwamnati ta yanke shawarar komawa 230 da 400, kuma canjin a hankali yake tafiya. A tsohon tsarin, 220 ɗin daga layi biyu masu wuta ake haɗo shi, ba layi ɗaya da nutural ba. Ma'ana duka wayoyin biyu da suka shiga oben ɗinka suna da wuta. Idan wanda ya yi wayarin ya sa bireka mai yanke layi ɗaya, za ka sauke ta, fuskar oben ta mutu, fitila ta mutu, amma ɗaya wayar tana nan da bolt 127 tana jiran hannunka. A gidajen haya da aka yi ta ƙare-ƙaren ɗakuna, irin na wajen Shara Mansur da Misfala a Makka, ko Karantina a Jidda, ba a cika sanin yadda wayarin ya bi ba.

Saboda haka in oben ɗin na da fulogi, zare shi daga soket, ka ajiye shi inda idonka ke ganinsa. In kai tsaye aka haɗa shi da bango, je akwatin bireka, wanda a nan ake kira tablon, ka sauke tasa. In ba ka tabbata ba, sauke babbar ta gidan duka, a yi haƙuri da rashin na'urar sanyaya ɗaki na ɗan lokaci. Ka gaya wa mutanen gida kada wanda ya mayar. Bayan haka ka gwada kowace waya da testa ko da mita, tsakaninta da 'yar'uwarta da kuma tsakaninta da jikin ƙarfen oben. Ka fara gwada testar a soket mai wuta don ka san tana aiki. Kada ka yi aikin ba takalmi a kan tayil mai danshi, kuma ka bari oben ya huce sarai.

4. Duba da ido tukuna

Fitar da raga da faranti duka, ka haska ciki. Sensar wani siririn ƙarfe ne mai kama da fensir, tana fitowa daga bangon baya, galibi can sama a kusurwa, an ɗaure gindinta da sukuru ɗaya ko biyu. Ka duba ko ta lanƙwashe har tana taɓa bango ko tana gab da hitar sama. Babban faranti da aka tura da ƙarfi, kamar na gashin kaza ko na basbusa, shi ya fi lanƙwasa ta. Ka duba ko takardar alminiyam da aka shimfiɗa ta naɗe ta, ko maiƙo ya daskare a kanta ya yi ɓawo. Sensar da ke taɓa bango zafin bango take aunawa, ba na iskar ciki ba. In maiƙo ne, goge ta da tsumma mai ɗan danshi da sabulun wanke-wanke, ban da kankara da wuƙa. In lanƙwasa ce kaɗan, miƙe ta a hankali da hannu. In ta tsage, ta kumbura, ko ta ƙone ta yi baƙi a gindi, ba sai ka auna ba, canji take so.

5. Cire sensar

Hanya biyu ce. Mai sauƙin ita ce daga ciki. Kwance sukurorin, ka jawo sensar a hankali zuwa gare ka. Wayarta za ta biyo ta ramin, bayan kamar taƙi ɗaya sai ka ga mahaɗar roba mai baki biyu. Kafin ka raba mahaɗar, ɗaure ɓangaren da ya fito daga cikin bango da zaren nan, ka ɗaure ɗaya bakin zaren a jikin maratayin raga. Masu koyo da yawa a nan suke faɗawa: suna rabawa sai wayar ta zame ta koma bayan bango, aikin minti 10 ya koma na fito da oben gaba ɗaya. Danna ɗan harshen mahaɗar ka raba, kada ka ja da waya.

In mahaɗar ta ƙi fitowa ta ramin, kada ka tilasta. Bi ta baya. Oben mai tsayuwa da ƙafarsa, jawo shi daga bango ka kwance murfin baya. Wanda aka gina cikin kabad, buɗe ƙofa za ka ga sukurori 2 ko 4 a gefen baki da suka riƙe shi da katako. Kwance su, ku zaro shi ku biyu, ku ɗora a kan tebur ko kujera mai tsayi daidai da shi. Yana da nauyi, kuma ba a ɗaga shi da mariƙin ƙofa, gilashi ne zai fashe.

6. Auna

Murɗa mita zuwa om, a kan 2k ko 2000. Fara haɗa bakunan mitar biyu da juna, ta nuna sifili ko kusa da shi. Sannan ka sa baki ɗaya a kowane ƙarfe na mahaɗar sensar. Ba ruwanta da wanne ja wanne baƙi. Kada yatsunka su taɓa ƙarfen bakunan yayin awo.

Yawancin oben na gida suna amfani da sensar da ake kira PT1000. Wayar filatinam ce a ciki, tana ba da om 1000 a digiri 0, kuma duk digiri ɗaya da zafi ya ƙaru tana ƙara kusan om 4. Littattafan gyara kan ce a nemi om 1080 zuwa 1100, amma wannan awon ɗaki ne mai digiri 21 zuwa 25. Kicin a Makka da rana tsaka a watan Yuli ba haka yake ba, musamman da ka kashe wutar gidan. A digiri 30 sensa mai lafiya za ta ba ka kusan 1117, a 35 kusan 1136, a 40 kusan 1155. Na sha ganin an yar da sensa lafiyayya don ta nuna 1140, an ce ta wuce abin da littafi ya faɗa. Ka ƙiyasta zafin ɗakin da kake ciki, ka yi lissafi da shi. Wasu mitoci za su rubuta 1.13 maimakon 1130, duk ɗaya ne.

Akwai oben na Turai masu PT500, su rabin wannan lissafin za ka gani, wajen 540 zuwa 580. Akwai kuma masu wata iri da ake kira NTC, wadda awonta dubbai ne masu yawa, sai ka ƙara mita zuwa 200k ko sama, kuma ita raguwa take yi idan ta ji zafi. Don haka in ka ga lambar da ba ta yi kama da 1100 ba, nemi awon samfurinka kafin ka yanke hukunci.

In mita ta nuna OL, ko 1 shi kaɗai a gefen hagu, a kowane mataki ka gwada, wayar ciki ta yanke. In ta nuna sifili ko 'yan om kaɗan, ta haɗe. Duka biyun sensa ta mutu.

In awon ya yi daidai, saura gwaji uku, kuma su ne ke kama ɓarawon da ke ɓuya. Na farko, bar mita a haɗe ka dumtse bakin sensar a tafin hannunka, ko ka hura mata iskar na'urar busar da gashi. Lambar ta riƙa hawa a hankali ba tsalle, in kuma NTC ce ta riƙa sauka. In ba ka da na'urar, tsoma rabin ƙarfen a kofin ruwan zafi, amma kada ruwa ya kai gindin da waya ta fito. Na biyu, riƙe wayar kusa da gindi ka motsa ta hagu da dama kana kallon mita. In lambar ta yi tsalle ko ta ɓace ta dawo, wayar ta karye a ciki, ita ce mai kawo lambar kuskure sai oben ya yi zafi. Na uku, sa baki ɗaya a ƙarfen mahaɗa, ɗaya a jikin sensar na waje. Dole mita ta nuna OL. In ta nuna wata lamba, sensar na zubar da awonta a jikin oben, a canza ta.

7. In sensa lafiya take, bi waya

Mayar da mahaɗar, ka buɗe murfin da ke rufe ƙwaƙwalwar, wato allon da ke bayan fuskar oben. Ɗauki hoto. Bi wayoyin sensa guda biyu, sirara ne, har inda suka shiga allon. Zare mahaɗarsu daga allon ka auna daga nan. Ya kamata ka samu abin da ka samu a bakin sensar, bambancin bai wuce om 1 ko 2 ba.

In ka samu OL a nan alhali sensa lafiya take, waya ta yanke a hanya. Bi ta da tocila. Wuraren da na fi samun ɓarna su ne inda ta goga da gefen ƙarfe, inda ta kwanta kusa da hita ta narke, da inda ɓera ya ci. In kuma awon ya fi na sensar da om 40, 60 ko 80, mahaɗa ce ta yi tsatsa, kuma danshin Jidda na taimaka wa wannan. Ka tuna kowane om 4 digiri ɗaya ne a wurin ƙwaƙwalwa. Tsatsar da ta ƙara om 80 za ta sa oben ya ɗauka ya kai 180 alhali yana 160. Shi ya sa uwargida za ta ce kek ya daina tashi, tsakiyarsa ɗanye, tun watanni kafin wata lamba ta fito. Kankare bakunan a hankali har su yi haske, ka ɗan matse na macen da filaya don ya kama sosai.

Wayar da ta yanke kusa da zafi ba a naɗe ta da salatef, ba a kuma haɗa ta da dalma ko mahaɗar roba ta wayarin ɗaki. Duk za su narke. Nemi mahaɗar tangaran da waya mai jure zafi. In babu, canza wayar gaba ɗaya.

8. Sai yanzu a zargi ƙwaƙwalwa

In sensa ta ba da awo daidai har bakin allo, lambar kuma tana nan, to allon ne. Haska shi ka duba tabon ƙuna, ko wani abu da ya kumbura, ko kashin kyankyaso, domin suna son ɗumin wurin kuma suna haɗa layukan. Ka kuma juya fankar da ke sanyaya allon da yatsa. In ta cije, ita ce ta bar zafi ya dafa shi, kuma sabon allo ma haka zai ƙare in ba a canza ta ba. Allo shi ne mafi tsada a cikin ukun, shi ya sa ba na yarda a saye shi sai an gama matakan baya. Duk mai gyaran da ya ce maka allo ne bai ɗora mita a kan sensa a gabanka ba, ka roƙe shi ya auna kana gani. In oben ɗin ya tsufa, kwatanta kuɗin allo da na sabon oben kafin ka biya.

9. Sayo sabuwa ka ɗaura

Tafi da tsohuwar a hannu da hoton lambar samfuri zuwa masu sayar da kayan gyaran na'urorin gida ko wakilin kamfanin. Ka ce kana neman hassas harara na furun, wato sensar zafin oben da Larabci. Tafi da mitarka ma, ka auna sabuwar a kan kanta kafin ka biya. Kamannin waje ba hujja ba ne: PT500 da PT1000 na iya zama iri ɗaya a ido, amma in ka sa mai 500 a gurbin mai 1000, ko dai lambar ta dawo, ko oben ya ɗauka har yanzu da sanyi ya yi ta hura wuta. Wannan haɗarin gobara ne. Tsawon ƙarfen ma ya zo daidai da tsohon. In awo ya dace amma mahaɗa ta bambanta, ana iya yanke ta a haɗa da ta tangaran, a tura haɗin can bayan auduga mai tare zafi.

Haɗa, kwance zaren, tura wayar ta ramin har mahaɗar ta wuce bayan bango, don in ta tsaya a bakin rami za ta narke. Ɗaure sukurori ba da ƙarfin tsiya ba, ka tabbata sensar ba ta taɓa komai. Abu ɗaya da ba a yi ko da wasa: haɗe wayoyin sensa biyu ko sa wani abu a madadinta don lambar ta ɓace. Oben ɗin ya zama ba mai tsayar da shi ke nan.

10. Gwajin ƙarshe

Rufe murfin baya kafin ka mayar da wuta. Rataye ma'aunin zafi a tsakiyar ragar tsakiya, ka saita 180. Ko ya yi ƙarar cewa ya kai, ƙara masa minti 20. Daga nan ka duba ta gilashi sau 3 ko 4, minti 10 tsakani, ba tare da buɗe ƙofa ba. Zafin zai riƙa hawa da sauka, haka oben ke aiki, matsakaicin ne abin dubawa. In ya kauce da digiri 10 ko 15, oben da yawa suna da wurin daidaita awo a cikin saitinsu, littafin zai nuna maka.

In ba ka da ma'auni, sukari zai yi maka aiki, domin yana narkewa a wajen digiri 186. Zuba cokali ɗaya a kan takardar alminiyam a faranti, ka sa a oben da ya riga ya zauna a 175, ka ba shi minti 15. Bai kamata ya narke ba. Ƙara zuwa 195, ka jira zafin ya zauna, ka sake sa wani. Yanzu ya kamata ya narke. In ya narke tun a 175 oben na wuce kima, in ya ƙi a 195 yana gazawa.

Tsaya kusa da shi a wannan kunnawar ta farko, hannunka kusa da bireka. In ka ga hita ta yi ja ta ƙi sauka, ko ka ji warin roba, yanke wuta nan take ka koma mataki na 7. In oben ɗinka na da tsarin wanke kansa da zafi, wanda ke kaiwa kusan digiri 480, kada ka kunna shi sai an yi girki na yau da kullum sau da dama lambar ba ta dawo ba.